Ranar da Sa'adatu Ta Bar Kaskon Suya

Gidan da ke jikin na su Sa'adatu a Nassarawa GRA ya daɗe a rufe, har ciyawa ta cinye farfajiyarsa, kafin Oliver da matarsa Irene su kama hayarsa. 'Yan Amurka ne, dukansu sun ba hamsin baya. 'Ya'yansu sun girma kowa ya kama gabansa, sai suka sayar da gidansu na can, Oliver ya karɓi aikin koyarwa a wata makaranta a Kano, suka tattara nasu ya nasu suka taho.

Da farko tausayinsu Sa'adatu ta ji. Ta ce wa Ladi, mai taya ta aikin gida, "Waɗannan bayin Allah ba za su kai damina ba. Zafi da sauro kaɗai sun ishe su."

Ba a jima ba tausayin ya rikiɗe ya zama wani abu daban. Tagar ɗakinta na bene tana kallon ƙofar gidansu, don haka ko ba ta so sai ta gan su. Kusan kullum da la'asar sai su fito tare a ƙafa, a unguwar da ko biredi za a saya sai an tayar da mota. Su tare adaidaita sahu su shige suna dariya. Su dawo da ƙunshin gurasa, ko faifai, ko wani ƙaton tulu da ba ta san me za su yi da shi ba. Ranar da suka je marinar Ƙofar Mata, Irene ta dawo da yatsu shuɗaye, tana nuna wa maigadi kamar wadda aka yi wa lalle. Oliver ne ke riƙe mata jaka.

Mijin Sa'adatu, Alhaji Abdulƙadir, ɗan kwangila ne, kuma bai rage ta da komai ba. Sai dai shekara goma sha biyar da aurensu bai taɓa ce mata "taso mu fita" ba, in ba asibiti za su ba ko ta'aziyya. In ta yi maganar, sai ya ce, idonsa a kan waya, "Fita ina, Maman Afrah? Me ke cikin Kano da ba ki gani ba? In wani wuri za ki, Kabiru direba ya kai ki."

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne Irene ba ta da abin ƙi. Takan shigo da sallama, da Hausarta mai tuntuɓe, ta zauna a tabarma ta ce, "Hajiya, yau mun ci ɗanwake a Fagge. Da daɗi sosai! Oliver ya sa yaji da yawa, ya yi kuka."

Sa'adatu ta yi murmushin dole ta ce, "Ai kun fi mu sanin gari." In matar ta tafi, sai ta ji ko abinci ba ya yi mata daɗi.

Da Babbar Sallah ta matso, Abdulƙadir ya ce a gayyato maƙwabtan su yi Sallah tare. Sa'adatu da kanta ta zaɓo wa Irene atamfa ta kai wa telanta, ta koya mata ɗaurin ɗankwali. Ranar Sallah kayan suka zauna mata ɗas, duk wanda ya shigo sai ya yaba. Oliver kuwa ya sha shadda da hula, da aka zo fiɗa ya naɗe hannun riga ya riƙe wa mahauci ƙafar rago, yana tambayar sunan kowane sashe. Da aka ce masa "tumbi" ya maimaita, aka fashe da dariya. Daga kicin Sa'adatu ta jiyo dariyar mijinta, irin wadda ta manta rabon da ta ji ta.

Washegari ita da Ladi suna bayan gida suna fama da suya. Kasko biyu a kan murhu, hayaƙi ya sa idonta ya yi ja, mai ya fallatsar mata a hannu. Sai ga Abdulƙadir cikin sabon kaftani, yana ƙamshin turare, makullin mota a hannunsa.

"Maman Afrah, zan ɗan zaga gari da baƙin nan. Dala, ganuwa, mu leƙa cikin birni su ga yadda yara ke yawon Sallah."

Ta ɗago kai. "Da kanka?"

"Kabiru ya tafi garinsu. Kuma ai abin kunya ne a ce suna maƙwabtaka da ni, 'yan adaidaita ne ke nuna musu gari. Har waya na kashe don kada a dame mu."

"Ka kashe waya," ta maimaita a hankali. "To. A dawo lafiya."

Ya juya ya tafi. Ta ci gaba da juya nama. Ta jiyo an buɗe ƙofofin mota, ta jiyo muryar Irene tana cewa, "Alhaji, mun gode sosai!" Sai ta ajiye matsami a bakin kasko.

"Ladi, kula da wutar nan. In Afrah ta dawo daga gidan Inna ki zuba mata abinci."

Ta haye sama da sauri, ta yafa mayafi a kan kayan da ke warin hayaƙi, ta zura takalmin da ta fara cin karo da shi, mai tsinin dunduniya da ta sa jiya. Maigadi ya riga ya buɗe get lokacin da ta ƙwanƙwasa gilashin motar.

"Ni ma za ni."

Abdulƙadir ya buɗe baki. "Naman fa?"

"Ba zai gudu ba, an riga an yanka shi."

Oliver ya fito da murna ya bar mata gaba, ya koma baya kusa da matarsa.

Tun daga titin Murtala Abdulƙadir ya fara bayani da Turanci. Ya nuna musu inda tsohuwar ganuwa ta bi, ya faɗi sunayen ƙofofi, ya ba da labarin wani malaminsu na firamare yana kwaikwayon muryar malamin har Irene ta riƙe ciki don dariya. Sa'adatu ta zuba wa titi ido. Ba ta taɓa sanin ya iya ba da labari haka ba.

A gindin Dala yara sun cika maƙil cikin kayan Sallah, masu ƙanƙara da masu balan-balan suna ta ciniki. Suka fara hawan matakala. Abdulƙadir ya yi gaba yana nuna hanya. Oliver ya riƙe hannun Irene, in ta tsaya hutawa shi ma ya tsaya ya yi mata fifita da hularsa. Sa'adatu tana can baya, takalmi yana cin ƙafarta. Da ta ga ba za ta iya ba, ta cire shi ta riƙe a hannu, ta ƙarasa a kan siminti mai zafi tana cije leɓe.

A sama iska ta buge ta. Ga Kano nan shimfiɗe ta ko'ina, rufin kwano yana walƙiya, hasumiyoyin masallatai sun yi cirko-cirko, ga Goron Dutse can gefe. Abin ya burge ta, burgewar kuma ta ƙara mata haushi. Abdulƙadir yana nuna wa Oliver unguwar da ya tashi, yana faɗa masa yadda shi da abokansa suke gudowa nan daga makarantar allo.

Irene ta matso kusa da ita tana haki. "Hajiya, wurin nan yana da kyau. Kuna zuwa da yawa, ke da Alhaji?"

"Yau ne farkon zuwana," in ji Sa'adatu, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "A Kano aka haife ni, amma albarkacinku na ci."

Irene ta juya ta dubi Abdulƙadir, ta tafa hannu ta ce, "Haba, Alhaji!" Ta faɗe ta daidai yadda Kanawa ke faɗa, har wasu 'yan mata da ke kusa suka ƙyalƙyale da dariya.

Shi ma ya yi dariyar yaƙe. Da baƙin suka matsa ɗaukar hoto, ya rage murya ya ce, "Kin kyauta kenan? A gaban mutane?"

"Abban Afrah, sai da mutane suka taso tun daga Amurka sannan ka tuna Kano tana da abin gani. Ka kashe musu waya. Ni yaushe ka taɓa kashe min?"

"Ban san abin ya dame ki haka ba."

"Na sha faɗa maka. Direba kake haɗa ni da shi."

Ya mai da idonsa kan gari. Can ya sunkuyar da kai ya ga ƙafarta ba takalmi, ta yi futu-futu. Da za su sauka ya miƙo hannu ya karɓi takalmin, ya riƙe shi a bayansa yana waige-waige kada wani da ya san shi ya gani. Ta ji sanyi a ranta. Amma da suka iso ƙasa ta hangi Oliver da Irene sun sayi fura da nono kofi ɗaya suna sha bi da bi, sai abin ya sake taso mata.

Ranar Juma'a da suna karin kumallo Abdulƙadir ya ce, "Gobe ba ni da aiki. Ki faɗa wa su Irene su shirya, mu je Tiga su ga ruwa."

"Ba zan faɗa musu ba."

"Saboda me?"

"Mu biyu za mu."

Ya dube ta ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Da safe ta ci kwalliya kamar mai zuwa biki, ta cika kula da soyayyen nama. Suna fita ta ce ya rage gudu a ƙofar maƙwabtan, ta sauke gilashi tana gyara mayafi, tana jiran Irene ta leƙo ta gan su. Maigadin gidan ne ya taso ya gaishe su.

"Hajiya, ai ba sa nan. Tun da sassafe suka tafi Daura, wai za su kwana biyu a can."

Abdulƙadir ya ja mota yana danne dariya. Sa'adatu ta ɗaga gilashinta, ta juya masa ƙeya har suka wuce Kura.