Sha'ibu a Cikin Baƙi

Damina goma sha tara Sha'ibu yana yi wa Faruku noma a Cadakori, jika biyu na sefa a wuni, da furar rana. Sai mutanen Zamfara suka tsallako iyaka, 'yan bindiga sun koro su daga su sai rigar wuyansu. Kasuwa ta cika, mai shayi ya ƙara benci, masu ɗakunan haya suka koma sahun gaba a masallaci. Baƙin kuwa jika guda suke noma, har da godiya.

Faruku bai kori Sha'ibu ba, shi mai mutunci ne. Ya dai daina aika masa. Sauran masu gonaki ma mutuncin nan suka yi masa.

Ranar maimai, wato noma na biyu, Ridwanu, jagoran baƙin, ya zo da mutum takwas. Na takwas ya naɗe fuska da rawani sai idanu, cikin wannan zufa. Faruku bai kula ba sai da aiki ya yi nisa. Baƙi na sheme duk abin da hauya ta samu, amma mai rawani in ya iso ɗan tsiron gawo sai ya kewaye shi, ya tara masa ƙasa. Mutum ɗaya ne ya san inda kowane tsiro yake a gonar nan.

Lubabatu, matar Faruku, ta kai musu fura ta dawo gindin bishiya wurin mijinta.

"Malam, wancan ba Sha'ibu ba ne?"

"Bazamfare ne."

"To, Bazamfaren naka ya tambaye ni ƙafar Inna, wai ko kumburin ya sauka."

"Kwashe ƙorenki ki tafi gida."

"Ƙwarya dai na ɗauka, kunya kuwa na bar maka ita nan."

Da la'asar suka jeru karɓar lada. Faruku ya damƙe jika biyu a tafinsa, ya yi ta shawara da zuciyarsa. In ya ba mai rawani biyu, ya tona asirin magidancin da ya rufe fuska don 'ya'yansa su ci tuwo. Wannan dalili ya yi masa daɗi ƙwarai. Akwai na biyu, cewa sauran bakwai za su ce su ma haka, amma bai tsaya duba shi ba.

Ya miƙa guda. Hannun da ya karɓa, Faruku ya san kowace kanta da ke jikinsa, tun suna yara suke cin tuwo a akushi ɗaya.

"Allah shi amfana, ranka shi daɗe," in ji mai rawani, da muryar aro.

Faruku ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya kafa shi a kan takalminsa. Ya tabbata ba zai iya sake wuni irin wannan ba.

Ridwanu ya matso. "Maigida, gobe mutum nawa?"

"Bakwai sun isa," in ji Faruku. "Ka bar mai rawanin nan ya huta."