Suman Dogo a Bakin Tanderu

Shekara goma sha ɗaya Dogo yana gasa burodi, bai taɓa fashin aiki saboda ciwo ba. Sai ga shi cikin wata biyu ya suma sau uku. Na farko a bakin tanderu, yana jiran tiren ƙarshe ya gasu. Na biyu a layin jiran mota, rana ta take. Na uku kuwa abokin aikinsa ne ya yanke yatsa, Dogo ya matso zai ɗaure masa, yana ganin jinin sai ya zube ƙasa kamar an sare bishiya. Mai yatsan ne ma ya koma yi masa fifita.

A gida kowa da tasa. Umma ta ce iska ce, kawu ya ce farfaɗiya ce ke lallaɓowa. Matarsa kuwa sai ta daina miƙa masa jaririyarsu in yana tsaye, wannan kuwa ya fi komai ci masa rai. Yayarsa, wadda faɗuwa ta biyu ta faru a gabanta, ita ta tasa ƙeyarsa zuwa asibiti.

Likitar wata 'yar dattijuwa ce, tabarau rataye a wuya. Dogo ya ɗauka kafin ya gama zama za ta miƙo takardar magani. Sai ya ga ta ajiye biro, ta juyo da kujerarta.

"Malam, ba ni labarin faɗuwar nan ɗaya bayan ɗaya. Kafin ka faɗi me kake ji?"

Ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar. Ya ce zafi ne ke taso masa, gumi ya karyo, zuciyarsa ta riƙa tashi, kunnuwansa su toshe, sai gani ya tsuke kamar mai leƙe ta cikin bututu.

Ta juya wajen yayar. "Ke da kika gani, ya ciji harshe? Ya daɗe yana fizge-fizge?"

"A'a, Likita. Leɓensa ne ya yi fari fat, ƙafar ta ɗan motsa sau biyu. Ko minti ɗaya bai yi ba ya buɗe ido."

"Ya gane ki?"

"Ya gane ni mana! Har da cewa kar in gaya wa Umma."

Likita ta yi dariya har da dafa tebur. Ta tambaya ko a dangi akwai wanda ya mutu farat ɗaya da ƙuruciyarsa, ko ya taɓa suma yana cikin gudu ko ɗaukar kaya, ko ƙirji na yi masa ciwo. Duk babu. Ta auna jininsa yana kwance, ta tsayar da shi ta sake aunawa. Aka manna masa wayoyi a ƙirji, na'ura ta zana bugun zuciyarsa a doguwar takarda, aka kuma duba sukari da yawan jini. Ta daɗe tana bin zanen nan da yatsa.

"Zuciyarka lafiya lau," in ji ta. "Kuma wannan bai yi kama da farfaɗiya ba. Akwai wata jijiya da aikinta rage wa zuciya gudu. Taka zumuɗi gare ta. In ka daɗe a tsaye cikin zafi, ko ka ga jini, sai ta taka birki da ƙarfi, hanyoyin jini su saki, jini ya taru a ƙafafu, ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta na ɗan lokaci. Kana kwantawa jinin ya koma, shi ya sa kake farfaɗowa nan take."

"To wane magani zan sha?"

"Ruwa, da yawa. Tunda jininka ba ya hawa, ɗan ƙara gishiri a abinci. Kar ka tsaya ƙiƙam wuri guda. Sauran kuma tashi in nuna maka."

Ta miƙe, ita da ko kafaɗarsa ba ta kai ba, ta harɗe ƙafafu, ta ɗaure cinyoyi da ciki, ta dunƙule hannu tamau. Ta sa shi ya yi, ta gyara masa, ya sake har sau huɗu.

"Da ka ji zafin nan ka yi haka. In bai lafa ba ka kwanta ka ɗaga ƙafa, ko a tsakiyar titi... to, gefen titi dai. Amma in ka suma ba gargaɗi, ko kana cikin aikin ƙarfi, ko da ciwon ƙirji, ka zo ranar, kar ka jira gobe."

Dogo ya sunkuyar da kai. "Likita, zan iya ɗaukar 'yata?"

"Ɗauki abarka. Jikinka yana sanar da kai kafin ya kayar da kai. Ka ji alama, ka zauna ƙasa da ita."

Bayan sati uku abin ya taso masa a wurin aiki. Ya harɗe ƙafa bai lafa ba, sai ya kwanta a siminti ya ɗora dugadugansa kan buhun fulawa. Ma'aikata suka yo kansa da salati.

"Ku bar ni, idona biyu! Ku cire tiren can kar ya ƙone."

Ranar da ya koma asibiti ya kai wa likitar burodi mai zafi, ya ba ta labari. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ya yi daidai. Sannan ta rage murya.

"Akwai wata malamar makaranta a bencin jira, sau biyu tana faɗuwa gaban ɗalibai, tsoro ya hana ta komawa aji. Na yi mata bayani, na kuma tambaye ta, ta ce tana son jin ta bakin wanda abin ya sama. Za ka ba ta minti biyar?"

Dogo ya gyara hularsa, ya fita neman bencin.