Kafaɗar Gwadabe

"Buɗe jikinka, Alu," in ji Malam Halliru daga kan tabarma, yana haki. "Ƙwallo na zuwa kana ba fili baya kamar mai kunyar suruki."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasa a Rano. Tsohon soja ne, shi ya koya wa samarin garin ƙwallo: a dasa ƙafar hagu gefenta, a tura da cikin ƙafar dama, ba da yatsa ba. Shekarar samun 'yancin kai ciwon ƙirji ya kwantar da shi, sai muka koma bugawa a bangon zaurensa yana gyara mana.

Ba ciwon ne ke cinsa ba, Gwadabe ne. Yaron da ya horar da hannunsa ya koma buga wa garin Kibiya, suka lallasa mu shekara guda kafin nan, sannan ya tsaya tsakiyar kasuwa yana kwaikwayon ɗingishin Malam ana dariya. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Da jiki ya yi tsanani, Gwadabe ya zo neman gafara, ya durƙusa. Barira, matar Malam, tana roƙo daga bayan ƙofa a yafe.

"Sai bayan wasan Rano da Kibiya ranar Asabar," in ji Malam, ya juya wa yaron baya.

Da ya fita, Malam ya jawo ni kusa. Ya ce Gwadabe bai taɓa yarda ya gyara tsayuwarsa ba, kafaɗarsa ta hagu kan riga ƙafarsa nuna inda zai tura.

"Rabu da ƙafar. Kafaɗar za ka duba."

Ranar Asabar a filin Kibiya na manne masa. Duk ƙwallon da ya tura sai ta tarar da ni. Mutanensa suka dinga yi masa ihu, ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni. Muka ci biyu da nema.

Na tako keke zuwa Rano da albishir a bakina, na iske maza zazzaune a ƙofar gida. Tun azahar aka kai Malam makwancinsa.

Can sai ga Gwadabe, ko rigar wasa bai cire ba. Ya tambaye ni ko Malam ya bar masa wata magana. Na ce babu, kuma ban tausasa murya ba.

Ya shiga zauren ya zauna, ya zuba wa tabon ƙwallo a bango ido, kafaɗar hagun nan a karkace.