Furfurar Bamanga

Tun bayan Babbar Sallah Dada ta daina gane ɗanta. Malam Bamanga, shugaban wata makarantar firamare, shi ne ɗanta na fari, kuma shekara shida ke nan tana zaune a gidansa a unguwar Federal Low-Cost. Yanzu idan ya shiga ɗakinta da safe, sai ta ja mayafi ta rufe kai, ta gaishe shi da ladabi irin wanda ake yi wa baƙon dattijo.

"Ni ne fa, Dada," in ji shi. "Ɗanki."

Sai ta yi murmushi ta ce, "Ɗana yaro ne, Malam. Yana makaranta."

Likita ya ce mantuwar tsufa ce, sai haƙuri. Matarsa Na'ima kuwa ta lura da wani abu. Ta ce, "Baban Yusra, kanka take kallo. Furfurar nan ce take ɓatar da ita."

Shekararsa hamsin da bakwai, bai taɓa rina gashi ba, har tsiya yake yi wa abokan aikinsa masu yi. Amma ranar Juma'a da yamma ya tsaya a wani kanti a Bolari ya sayi kwalin dayis, ya tura shi can ƙasan jaka kamar abin sata.

Da hantsin Asabar ya zauna a kujerar tsugunno a tsakar gida, tsohon tawul a wuyansa. Na'ima ta sa safar hannu, ta matse man dayis ɗin a roba, ta zuba ruwan da ke ƙaramar kwalbar ta gauraya. Nan take warin amoniya ya tashi, mai yaji, ya daki hancinsa har idonsa ya kawo ruwa.

"Wannan abu a kai ake sa shi ko a masai?" ya tambaya yana tari.

"Ka zauna daidai. Minti talatin aka rubuta."

Ta bi da tsohon buroshin haƙori, daga goshi zuwa ƙeya. Fatar kansa ta yi ta ƙaiƙayi. Yana zaune yana tunanin ranar da ya fara ganin farin gashi a madubi, da yadda ya ji daɗi a lokacin, don yana ganin iyayen yara za su ƙara ganin girmansa.

Da aka wanke, ya duba madubi. Baƙin ya yi yawa, ya zauna a kan fuskar da ta riga ta tsufa, ga tabo a kunnensa na dama. Ya ji kunya, amma ya shiga ɗakin.

Dada ta daɗe tana kallonsa. Ba ta ja mayafi ba.

"Zo nan," ta ce da Fulatanci. "Ina ka je ka kwaso baƙin tukunya haka?"

Ya durƙusa a gabanta. Ta jiƙa bakin zaninta da yawu, ta kama kunnen tana gogewa da ƙarfi, tana faɗa a kan yaron da ba ya jin magana. Bai motsa ba. Na'ima da ke bakin ƙofa ta juya ta koma kicin.

Kwana biyu abin ya yi. Ranar Litinin da ya shiga, gashin na nan baƙi ƙirin, amma Dada ta rufe kai ta ce, "Sannu da zuwa, Malam."

A wannan karon bai yi mata gardama ba. Ya zauna a tabarma ya ce, "Hajiya, yaya ɗan naki?"

Ta gyara zama. Ta ba shi labarin yadda yaron yake tafiya daga rugarsu zuwa makaranta a ƙasa, yadda ya taɓa kwana biyu bai ci abinci ba saboda an sayar da maraƙinsa. "Ba na faɗa a gabansa, ɗan fari ne," in ji ta, ta rage murya. "Amma duk cikin 'ya'yana babu mai zuciyarsa."

Bai taɓa jin haka daga bakinta ba.

Bayan mako uku fari ya fara fitowa daga tushen gashin. Na'ima ta tambaye shi ko ta sake haɗa masa. Ya ce a'a, wajen wanzami zai je ya aske. Daga nan kullum idan ya taso daga makaranta, sai ya yi sallama a ƙofar Dada, ya jira ta ba shi izini, sannan ya shiga.