Gidan Sauron Murja

Duk Mabera an san Alhaji Attahiru mai hatsi da hali biyu: ba ya tauye mudu, amma in ka ba shi magana ya kai, sai ya ƙara mata gishiri. Mutane kuwa sun yarda da bakinsa saboda mudunsa.

Da damina ta yi nisa, ruwa ya kwanta a kowane lungu, sai ga wata mai bincike, Malama Zahra'u, ta zo da mutanenta da wasu kejuna na raga. Mai unguwa ya haɗa ta da Alhaji, tunda shi ake ji. Ta yi masa bayani dalla-dalla: za su saki sauro maza zalla, an barbaɗa masu jan gari, don a ga iya nisan da suke tashi, daga baya a kama su da tarko. Namiji ba ya cizo, mace ce mai shan jini.

"Alhaji, don Allah a gaya wa jama'a kowa ya ci gaba da kwana a gidan sauronsa," in ji ta. Sau uku ta faɗa, wallahi sau uku.

To, amma ka san mutumin naka. A hanyar masallaci ya yi nasa lissafin: gidan sauron da ake rabawa ai mai magani ne, duk wanda ya sauka a kai ya mutu. Ashe ke nan za a kashe wa baiwar Allah baƙinta tun ba su yi aikin ba! Aikin kuma, a ganinsa, mene ne in ba ƙarar da sauron unguwa ba? Ana sallame La'asar ya miƙe.

"Jama'a, wanga sauro magani na. Kowa shi naɗe gidan sauronai na sati ukku, kada a yi hayaƙi, kada a kashe ko guda. Ni na lamunce maku."

Wasu suka yi dariya suka watsar. 'Yarsa Rahmatu, da ke aure a bayan gidansa, ba ta yi dariya ba. Tun tana ƙarama ba ta taɓa ƙetare maganar ubanta ba. Ta kwance gidan sauron da take kwana ciki da 'yarta Murja mai shekara huɗu da jaririnta Bashar, ta ninke shi ta sa a ƙarƙashin katifa.

Murjar nan ita ce ran Alhaji. Kullum da hantsi sai ta zo rumfarsa ta cusa hannu cikin gero, yana kiranta uwargida, tana ce masa tsoho mai ran ƙarfe. Kwana goma sha biyu da sakin sauron, ba ta zo ba. Ya same ta a cinyar uwarta, jiki kamar garwashi. Washegari ta fara jijjiga, idanu suka kakkafe. Aka kai ta asibiti, aka yi ƙarin ruwa, aka nemi jini, Alhaji ya miƙa hannunsa aka ce ya tsufa. Ranar Alhamis kafin Azahar rai ya yi halinsa.

Baƙin ciki ya nemi wanda zai kama. Alhaji ya shiga ɗakin Rahmatu yana dube-dube kamar zautacce, har ya ga sauro ɗaya mai jan gari a jikin bango. Ya danne shi, ya ƙunshe a takarda, ya sa a aljihu. Wannan ne shaidarsa.

Ranar uku Malama Zahra'u ta zo gaisuwa. Ya tare ta a zaure, ya miƙa mata takardar.

"Ga wanda yak kashe min jika. Diba shi da kyau, naku na."

Ta karɓa, ta fito da ɗan gilashinta ta duba.

"Namu ne, Alhaji. Amma ka ga gashin nan buzu-buzu a kansa? Namiji ne. Wannan bai taɓa ɗanɗana jinin kowa ba. Sauron damina ne ya cije ta, irin na kullum." Ta share hawaye da gefen hijabi. "Allah Ya jiƙanta. Ai dai tana kwana cikin gidan sauro, ko?"

Alhaji Attahiru ya tuna abin da ya faɗa wa jama'a a masallaci. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba.

Bayan ta tafi ya shiga cikin gida. Rahmatu na zaune a tabarma, Bashar a bayanta. Ba ta yi masa kallon zargi ba, da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ta jawo ninkakken gidan sauron ta ɗora a cinyarta.

"Baba, mun bi maganarka, ko guda ba mu kashe ba. Sati ukkun sai jibi za su cika." Ta taɓa goshin jaririn da bayan hannu. "In ɗaura ma Bashar yau, ko in jira?"