Kifin Kallo

Wari ne ya tarbi Ja'afar tun kafin ya kashe mota. Ya ratsa gonakin shinkafar da aka girbe, yana jiyo salatin mata daga nesa, har ya iso bakin Gurbin Tsamiya. Ruwan ya yi fari fat. Karfasa, tarwaɗa, ragon ruwa, duk sun juya ciki sama suna lilo a hankali. A gaɓa ga giwan ruwa uku kwance, kowanne ya kusa tsawon mutum, ƙudaje sun yi musu lulluɓi.

Mahaifinsa, Malam Hammadu, yana tsaye cikin ruwan har gwiwa. Sai ya ɗaga kifi ya duba, ya mayar, ya ɗago wani.

"Baba, sannu," in ji Ja'afar.

"Ja'afaru, ka iso? Ƙanwarka Baiwa tak kira ka ke nan." Tsohon bai ɗago ba. "Magani anka zuba."

Shekara ashirin da shida Malam Hammadu yana gadin gurbin nan na ƙauyensu, can bayan Gulma. Idan kogin Rima ya janye bayan damina, gurbin yakan yanke ya zama tafki, sai a rufe shi: ba ƙugiya, ba homa, har ranar su, ranar da gari duka zai faɗa ruwa a lokaci ɗaya. Kifin ranar ne ake bandawa a ci har faɗuwar ruwan sama. Bana saura kwana tara.

Ja'afar ya san wanda ya zuba maganin, domin kuwa shi ne, ga shi kuma da ƙafafunsa ya zo kallo.

* * *

Ɗan masunci ne, amma ko homa bai iya riƙewa ba. Boko ya yi, ya samu aiki a Birnin Kebbi, ya kama gida a unguwar Badariya. A falon gidan nan ya kafa akwatin gilashi mai fitila da injin hura iska, yana kiwon kifin ado. Matarsa Rauda tana kiransu kifin kallo. Takan ce ba ta taɓa ganin gidan da kifi ke ci mutane suna kallo ba sai nata.

Su wajen ashirin ne masu wannan sha'awa, suna da zaurensu a waya. Da farko jajayen kifin kanti kowa ke saye. Daga baya yayi ya juya, sai kifin kogi: wanda ya kamo da hannunsa shi ne gwani. Ranar da abokinsa Mujtaba ya saka hoton wata 'yar gartsa mai ƙayoyi jere a gadon baya, zaure ya ɗauka da yabo. Wani ya rubuta: "Ina ɗan masu ruwa? Ko shi ma na kanti ne?" Aka yi ta dariya. Maganar ba ta kai ta kawo ba, amma ta zauna wa Ja'afar a wuya.

Mujtaba ne ya ba shi dabara. "Maganin heshin shinkahwa, ɗan kaɗan. Suma kawai sukai. Ka tsince waɗanda kaka so, ka sa su ruwa mai kyau, su hwarhwaɗo."

Mujtaba a kogi mai gudu yake tasa ɓarnar, ruwa ya tafi da shaida. Gurbi kuwa ba ya zuwa ko'ina. Ko yaron goye a ƙauyen ya san haka, balle Ja'afar da aka yi wa wankan farko da ruwan wurin. Ya sani sarai. So ne kawai ya rufe masa ido.

Ya zaɓi ranar Juma'a da azahar, lokacin da maza duk sun tafi masallaci a Gulma, har da mai gadin. Wato sallar ma bai yi ba. Ya zuba, ya jira, shiru. Ya ƙara. Ya ƙara kuma. Da ƙananan suka fara tasowa suna layi, ya tsinci goma sha ɗaya, gartsa da ƙurungu, kowanne bai wuce yatsa ba. Ya zuba su a bokiti ya ja mota, ko gidan ubansa bai leƙa ba. Da yamma ya saka hoto a zaure, aka yi masa kirari.

Washegari ƙanwarsa Baiwa ta kira shi tana kuka.

* * *

Aka ce bayan la'asar za a taru a ƙofar mai gari. Al'adar a bayyane take: idan aka ci amanar ruwa, mai gadi zai yi alwala ya dafa Alƙur'ani, ya rantse cewa ba shi ba ne, ba kuma wani daga gidansa ba. In ya dafa, ya fita, sai a nemi mai laifi a wani wuri.

"Daga gidansa." Kalmomin nan biyu suka hana Ja'afar sakat. Tsohon da bai taɓa cin ƙwayar gero ta wani ba zai ɗora hannu a kan Littafi ya rantse da ƙarya, kuma ɗansa ne zai sa shi. Sau biyu yana zuwa ƙofar ɗakin uban. Na farko ya tarar yana lazimi, ya ji daɗin samun hujja. Na biyu ya shiga, ya durƙusa, ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana tambaya ko Baba ya ci abinci. Kunya ta kama shi, amma tsoro ya fi ta ƙarfi.

A wurin taro ya rakuɓe a baya, cikin fararen kayansa na 'yan birni.

"Hammadu, mun san ka," in ji mai gari. "Babu mai zarginka. Dahwa, mu wuce wurin."

Liman ya miƙo Littafin a naɗe cikin gafaka. Malam Hammadu ya matso, ruwan alwala bai gama bushewa a gemunsa ba. Ja'afar ya ce a ransa, yanzu zan tashi. Ya ƙara cewa, yanzu. Amma bai tashi ba.

Tsohon ya daɗe yana duban gafakar. Sannan ya mayar da hannayensa baya.

"Ba ni dahwawa."

Wuri ya ruɗe. Mai gari ya sake tambaya, har sau uku, amsar ba ta canza ba. Aka ce to ya faɗi wanda ya yi. Ya ce ba shi da abin faɗi. Ummaru, wanda suka yi shekara hamsin suna shiga kwalekwale ɗaya, ya miƙe.

"Hammadu, kai? Ɗiyanmu mi za su ci bana? Ashe da tsuhwanka za ka saida muna ruwa?"

Malam Hammadu ya ajiye sandar gadi a gaban mai gari, ya saka takalmansa. Mutane suka dare masa hanya, kowa yana kawar da kai. Ja'afar ya bi bayansa daga nesa.

* * *

Ya same shi a tsakar gida, zaune kan tabarma, homar da ya gama ɗinkewa domin ranar su tana gefensa.

"Baba..."

"Zamna." Tsohon ya nuna masa gefen tabarma. "Ɓarawon kihi, in yaz zuba magani, giwan ruwa shika ɗauka. Wanga ya bar ukku kwance ga rana. Tun da sahe nika tambayar kaina, wa ka kashe gurbi guda ba don shi ci ba, ba don shi saida ba? Mutum guda nas sani duniya wanda kihi ƙarami yah hi mishi babba."

Hawaye suka zubo wa Ja'afar. "Bari in koma in hwaɗa musu, Baba. Yanzu-yanzu."

"Wurin hwaɗi ya wuce ɗazu, kana zamne. Ni kuma ban ɗauki abin ga don in aje ma shi ba." Babu faɗa a muryarsa, abin da ya fi yi wa Ja'afar ciwo ke nan. "Guda nawa kaɗ ɗauka?"

"Sha ɗaya."

"Sun rayu?"

Da safen nan, kafin ya fito, ya ga Rauda tana tsamo matattun daga akwatin da ludayin miya.

"Biyu sunka rage," ya ce, kansa a ƙasa.

Malam Hammadu ya gyaɗa kai. Ya dafa bango ya miƙe da ƙyar, ya naɗe homar, ya cusa ta a ƙarƙashin rufin rumbu inda ake ajiye kayan da aka daina aiki da su.

"To, koma gida kahin su ji yunwa," ya ce, bai waiwayo ba. "Ka kula da su. Su kaɗai sunka saura ga Gurbin Tsamiya."