Sunan Malam

…kuma wai da bakinta. Da bakinta, gaban maza, gaban wata 'yar na'ura mai ido ɗaya da aka kafe a kan sanduna. Kulsumu tana zaune a ƙarshen benci, ta ja hijabi har kan gira, layi yana tura ta gaba kaɗan-kaɗan ba tare da ya nemi shawararta ba. Zauren ya cika da matan sojoji, waɗanda mazansu suka riga mu gidan gaskiya, kowacce ta zo a tantance ta a sakar mata fanshon da ya maƙale. Yau ne zaman kwamitin na ƙarshe a Ƙaura, gobe za su naɗe kayansu su kama hanya. Abin da suke so ba shi da yawa: ki kalli na'urar, ki faɗi sunanki, ki faɗi sunan mijinki. Shi ke nan. Abin da ɗan yaye ma zai iya.

Sunan mijinki…

Fanka tana juyawa a sama, ƙara take yi, ba iska. Wata tana tari. A Zurmi ma haka aka yi, fanka irin wannan, tebur irin wannan, watannin baya da kwamitin ya fara zama can. Yaro ne cikin kaki, jikan jikanta a haife, ko ɗaga kai bai yi ba. "Mama, sunan mai gidan?" Ta ce Malam. "Malam wa?" Ta ce Kofur. "Kofur wa, Mama? Kofur ai muƙami ne." Ta ce baban Mubaraka, ga Mubarakar nan a tsaye, ku tambaye ta. Ya ce a'a, ba a amsa wa mace, an sha kawo musu matan haya, a koya musu kuka a bakin ƙofa, dole mai haƙƙi ta faɗa da kanta. Sannan ya ɗago ya dube ta, ya juya ga abokinsa, bai ko rage murya ba: "Ga wata kuma. Ba ta ma san sunan mijin nata ba."

Dariyar… ba ta da ƙarfi ma. 'Yar ƙus-ƙus ce daga bencin baya. Amma har yau tana nan a bayan kunnenta.

Matar haya. Ita? Ita da ta wanke masa ciwon cinya da ruwan ɗumi da gishiri har ɓaraguzan ƙarfen suka daina fitowa? Ita da ta san da wace ƙafa yake fara sauka daga gado, ta san dalilin da ya sa ba ya zama inda ake fasa dutse, ta san in an yi tsawa da damina sai ta ɗora hannu a bayansa ta yi kamar tana kaɗe masa wani abu? Ba ta san sunansa ba! Ta san shi, mana. Yana nan ƙarƙashin harshenta tun tana amarya, ta fi shekara hamsin tana kewaye shi kamar yadda ake kewaye rijiya marar murfi. Kada ku jira shi daga bakina ni ma, matar da ta ɓoye abu tsawon wannan lokaci ba ni zan tone mata ba.

Inno ce ta ja mata kunne, kakarta, ranar da za a kai ta Dauran. Ba ta yi dogon wa'azi ba. "Ɗiyar kirki ba ta kama sunan miji. Ran da kinka kama shi, kin tuɓe." Kin tuɓe… Kuma ta riƙe. Akwai mai gishiri a kasuwar Dauran da ya ci sunan, ba ta taɓa aika a saya wurinsa ba don kada ta kwatanta shi. Da aka haifi ɗa a maƙwabta aka raɗa masa sunan, ita ta fara ce masa Mai-sunan-Malam, har ya yi gemu da shi ake kiransa. Mata suna nuna ta. Ku dubi Kulsumu, ku koyi kunya wurin Kulsumu. Abin da aka yi ta yabonta da shi ke nan, ba ta da gwal ba ta da shanu, shi ne adonta. Sai ga shi rana ɗaya, a gaban tebur, ya zama shaidar cewa ita maƙaryaciya ce.

Layi ya motsa. Ta ja jiki. Bencin da zafi, wadda ta tashi ta bar ɗuminta.

Takardar aure, suka ce, in akwai. Wace takarda? Goro aka raba a ƙofar gida, aka shafa fatiha. Waliyyinta ya rasu, limamin ya rasu, waɗanda suka ci goron duk ƙasa ta rufe musu ido. Kakinsa da lambar yabonsa da hoton da ya ɗauka a bariki, suna cikin akwatin ƙarfe ranar da masu babura suka shigo… kar ta tuna. Hayaƙi. Awaki suna ta kuka a ɗaure. Shi a kan kurar ruwa ana tura shi, tsoho, yana ta waige, yana tambaya wa ya ba da odar ja da baya. Bai kai kaka ba. A wani aji na makaranta a Zurmi ya cika, tsakanin buhunan mutane, a nan ta yi takaba, bayan zanin da aka ɗaura a madadin labule.

Da kwamitin ya koma Shinkafi, Mubaraka ta yi ta roƙo su je. Kulsumu ta ce hanya ba kyau. Gaskiya ne, hanya ba kyau. Amma ba hanyar ba ce.

To me ya kawo ta yau? Tuwon Saminu. Ba wani abu ba, tuwon Saminu.

Mijin 'yarta. Suruki! Wanda a da in ta hango shi a kan hanya sai ta ratse ta bayan dangar wani. Yanzu a gidansa take kwana, nan Ƙaura, ɗaki biyu ne a bayan kasuwar hatsi, ya bar mata ɗaya, ya kwashe yaransa ya cusa a nasu. Da keke napep yake ciyar da su duka. Kuma da ma a ce yana ɗaure fuska, da ta samu abin riƙewa. Ina! Kullum da safe sai ya durƙusa a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, "Inna, an tashi lahiya? Mi a ka buƙata?" Wani lokaci da ƙosai a leda. Ita kuma ta juya wa bango fuska ta amsa. Ban-ɗaki ɗaya ne a gidan. Ɗaya. Sai ta kasa kunne ta ji tashin kekensa kafin ta ɗauki buta, ran da bai fita da wuri ba haka za ta zauna tana matse ciki, tsohuwa da ita. Loma ba ta wuce mata sai da ruwa. Tana jin motsin cokalinsa ta bango, ta san shi ma yana jin nata. Uwar mata a gidan suruki, tana cin guminsa, tana shanya zaninta a igiyarsa… a Dauran da wa aka taɓa jin haka?

In kuɗin nan suka fito, akwai ɗaki a gidan wata gwauruwa can wajen tasha. Ƙarami, rufin yana yoyo ta gefe ɗaya. Nata. Ta hura wutarta, ta ɗauki butarta lokacin da ta ga dama. Iyakar burin ke nan, ba Makka ta ce za ta ba.

Kunya ta koro ta daga can, kunya ta tare ta a nan. Wacce za ta haɗiye?

Yarinyar da ke gabanta ta miƙe. Nadiya, ta ce sunanta, daga Shinkafi, tun safe take ba ta ruwan leda tana ce mata Kaka. Mijinta bai daɗe ba, a gabas aka harbe shi, ga goyo a bayanta. Ta zauna gaban na'urar, ta gyara mayafi, ta dubi idon nan kai tsaye. "Sunan mijina Sagir." Haka kawai. Kamar ta ce a miƙo mata moɗa. Sagir… har da ɗan jan ƙarshen, yadda ake kiran wanda ke cikin ɗaki. Ashe haka take kiransa yana raye. A tsakar gida, a waya, wataƙila har a gaban uwarsa. Rashin ta ido! 'Yan zamani, ba su bar komai ba… Sai Kulsumu ta ji wani abu ya soke ta a ƙirji, kuma ba haushi ba ne. Ta san shi, kishi ne. Wannan 'yar ta kira nata har ta ƙoshi. Ya ji, ya amsa, ya waiwayo.

Astagfirullah. Tana kishin marainiyar Allah mai jariri a goye. Wannan ma wani abin kunyar ne, a ɗora a kan sauran.

Ba wai ba ta gwada ba. Jiya da hantsi, da gidan ya watse, ta buɗe randa ta sunkuya kamar mai duba ko ruwa ya yi saura. Ta sa kai ciki. Sanyi, ƙamshin ƙasa. Ta ce bari ta faɗa wa randa, randa ba ta da baki. Harafin farko ya zo har haƙora… sai numfashinta ya dawo mata daga ƙasan randar, da ƙarfi, kamar wani ne a ciki yake saurare. Ta rufe da faifai da sauri. Har ta waiga ko Inno na tsaye, Innon da ƙasusuwanta ma sun zama ƙasa.

Can waje wani yana buga ƙarfe, ko mai faci ne. Tashar jirgin tana nan kusa, bayan waɗancan rumfuna, yanzu awaki ne ke kiwo a kan dogo. A nan ne. Tana amarya, lalle bai gama fita a ƙafarta ba, hutun jinyarsa ya ƙare zai koma fagen daga. Mutane maƙil, kayan gyaɗa, kaji a akurki, jirgi yana huci. Ya shiga. Sai ta ga ƙullin dakuwar da ta kwana biyu tana daka masa yana hannunta, ta manta ba ta ba shi ba. Ga ƙeyarsa can ta taga, kusa, jifa ɗaya. "Malam!" Maza goma suka waiwayo, kowa Malam ne a tashar Ƙaura. Ban da shi. Igwa ta riga ta cinye masa kunne ɗaya, ba ya juyowa sai an kira sunansa na yanka da ƙarfi, yadda ake yi a fareti. Ta sani. Kalma ɗaya ce. Ta tsaya da dakuwa a hannu, bakinta a buɗe, ƙanensa na gefenta, har jirgin ya ja, ƙeyar ta yi ƙanƙanta. Da bai dawo ba fa? Ya dawo, alhamdulillahi, ya dawo. Da ta ba shi labari bayan shekaru, dariya ya yi har da tari. "Ke dai Allah shi shirye ki. Don suna guda kinka hana ni dakkuwa?" Sannan ya ce, ƙasa-ƙasa, yana kallon wani wuri: "Ni ko ina son in ji yadda za shi hito bakinki."

Ta ja mayafi ta bar masa ɗakin. Wasa ta ɗauka. Wasa ne?

Bai sake roƙo ba. Har a ajin nan na Zurmi, da numfashi ya fara sarƙewa, tana riƙe da kansa tana ce masa Malam, Malam, yi salati… ta kunnen da ba ya ji.

"Mai bi!"

Ita ce. Ta dafa benci ta miƙe. Kujerar roba, ƙafa ɗaya tana rawa. Ba yaron Zurmi ba ne, wannan ya manyanta, da abin saurare a kunnuwansa, yana da ladabi. "Sannu Mama. Kalli nan, inda jan nan yake. Sunanki?"

Kulsumu. Wannan mai sauƙi ne, ko da yake shi ma ta jima ba ta ji shi a bakin kowa ba.

"Sunan marigayi?"

Jan ɗigon yana kallonta, ba ya ƙiftawa. Mai shi ya roƙa, a ɗakinsu, su biyu, ta hana shi. Yanzu za ta ba baƙo. Za ta ba na'ura, saboda ɗaki mai yoyo da buta. Inno, rufe idonki. Malam… yafe mini, ba yadda ka so ji ba ne. Ta runtse ido. Ta tattaro shi daga can ƙasa inda ya kwanta shekara da shekaru, yana da nauyi, yana da ɗumi, ya hau maƙogwaro, ya taɓa harshe, leɓɓa suka rabu…

Ya fita.

Ashe gajere ne haka. Ashe daɗi gare shi a baki. Ji take kamar an yaye mata zani a tsakiyar kasuwa, kuma duk da haka, wayyo, tana so ta riƙe ɗanɗanon kaɗan. Shi ke nan, an gama. Ta tuɓe, ta huta.

Mutumin ya cire abin kunnensa, ya duba na'urar, ya girgiza kai.

"Yi haƙuri Mama, bai shiga ba. Fankar nan ce. Ɗaga murya sosai, yadda na baya ma za su ji."

Na baya… Ta waiga ba da niyya ba. Duk idanun zauren suna kanta. A bakin ƙofa ga Mubaraka, ga Saminu kusa da ita, ya ajiye kekensa ya shigo ya ga ko Inna na buƙatar wani abu, hularsa a hannu, kansa a ƙasa.

Sau ɗaya ta faɗa a duniya, kuma ba wanda ya ji. Malam ma bai ji ba.

Jan ɗigon yana jira. Ta buɗe baki…